Buri biyu, rana ɗaya: yadda Ingila ta tunkari kuskuren allurar binkiristin a laka

A watan Yunin 2000, wani kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Farfesa Liam Donaldson, babban jami'in lafiya na Ingila a lokacin, ya fitar da rahoto kan yadda asibitocin hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ke maimaita kuskure iri ɗaya shekara da shekaru ba tare da darasin ya ratsa daga wannan asibiti zuwa wancan ba. Daga cikin misalan da kwamitin ya kawo akwai allurar da ake yi a laka bisa kuskure. Tun daga 1985, aƙalla mutum 13, akasarinsu yara, sun mutu ko jikinsu ya shanye ta wannan hanya, kuma yanayin da abin ke faruwa kusan ɗaya ne kowane karo.

Kwamitin ya ba da shawarar a kafa buri huɗu masu wa'adi, kuma Ma'aikatar Lafiya ta amince da su a Afrilun 2001. Biyu daga ciki sun shafi magani kai tsaye. Na farko: kafin ƙarshen 2001, kada a sake samun majinyaci ko ɗaya da ya mutu ko ya shanye saboda allurar laka da aka yi bisa kuskure. Na biyu: kafin ƙarshen 2005, a rage manyan kurakurai wajen amfani da magungunan da likita ya rubuta da kashi 40 cikin 100. Hukuma ɗaya ce ta kafa su, a takarda ɗaya, amma makomarsu ta sha bamban. Na farkon ya sauya yadda ake aiki a ɗakin haɗa magani da ɗakin jinya, har ya kai ga sauya siffar bakin sirinji. Na biyun kuwa wa'adinsa ya zo ya wuce babu ma'aunin da za a ɗora shi a kai a ce an cim ma shi ko an gaza. Duk shugaban asibitin da ke shirin rubuta burin kiyaye lafiyar majinyata a harkar magani yana da abin dubawa a wannan bambanci.

Maganin da hanyarsa

Binkiristin maganin ciwon kansa ne da ake samu daga wani tsiro mai fure na tsibirin Madagaska, kuma ginshiƙi ne wajen jinyar sankarar jini da ta ƙaluluwa. Ta jijiyar jini kaɗai ake ba da shi. Babban mutum yakan sami miligiram 1.4 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jikinsa, kuma galibi ba a wuce miligiram 2. Tunda kowace mililita ɗaya ta ruwan maganin na ɗauke da miligiram ɗaya, abin da ke shiga sirinji bai fi mililita biyu ba, ruwa ne garau marar launi.

Masu sankarar jini kuma ana yi musu wata allurar dabam a gadon baya. Maganin da ke yawo cikin jini ba ya isa ƙwaƙwalwa da laka yadda ya kamata, don haka ƙwayoyin cutar kan laɓe a can. Sai likita ya soka allura tsakanin ƙasusuwan ƙasan baya, ya shiga ruwan da ke kewaye da laka, ya zuba wani maganin kansar, metotireksat ko saitarabin. Su ma 'yan mililita ne a ƙaramin sirinji. Majinyaci ɗaya, jadawalin jinya ɗaya, sau da yawa mako ɗaya ko ma rana ɗaya, ga sirinji biyu masu kama da juna, kuma a wancan lokaci bakin kowannensu na shiga allurar laka daidai yadda yake shiga allurar jijiya, domin duk mahaɗi ɗaya suke amfani da shi, wanda ake kira Luer.

Idan binkiristin ya shiga ruwan laka, yana lalata jijiyoyin motsi da ji. Shanyewar kan faro daga ƙafafu, ta riƙa hawa a hankali har ta kai ga numfashi da ƙwaƙwalwa cikin kwanaki ko makonni, majinyacin kuma sau da yawa yana cikin hayyacinsa a farkon lamarin. Babu makarinsa. Abin da ake iya yi shi ne a zuƙe ruwan lakar nan take, likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa su sa bututu su yi ta wanke wurin, kuma 'yan kaɗan ɗin da suka rayu sun rayu ne da mummunar nakasa. An fara ba da rahoton wannan kuskure tun 1968.

Abin da ya faru a Nottingham

Watanni kaɗan bayan fitar rahoton Donaldson, ranar 4 ga Janairun 2001, wani matashi mai shekara 18 ya je asibitin Queen's Medical Centre da ke Nottingham karɓar maganinsa. Sankarar jininsa ta lafa, yana matakin ƙarshe na jinya, inda duk bayan wata uku ake yi masa saitarabin a laka da binkiristin a jijiya. Asibitin yana da tsarinsa: allurar laka yau, binkiristin gobe, don kada magungunan biyu su haɗu wuri ɗaya. Binciken da Farfesa Brian Toft ya gudanar daga baya ya bi diddigin yadda wannan tsari ya warware mataki-mataki.

An rubuta magungunan biyu a kan kati ɗaya. Majinyacin bai zo da safe kamar yadda aka tsara ba, sai da yamma. Babban likitan da ke kula da shi ya bar saƙo a sanar da shi idan ya iso, ba a sanar da shi ba. Sirinjin biyu sun bar ɗakin haɗa magani tare, aka ajiye su cikin leda ɗaya a firjin sashen, kuma ledar ce ma'aikaciyar jinya ta ɗauko ta kawo. Likitan da ya soka allurar ƙarami ne, makonni kaɗan ke nan da zuwansa sashen. Wanda ke sa masa ido, mai matsayi sama da shi, a wannan makon ya kama aiki, kuma kamata ya yi a ce yana bin wani yana koyon tsarin wurin tukuna. A wuraren da ya yi aiki a baya ba a taɓa kawo maganin jijiya inda ake allurar laka, saboda haka ya ɗauka duk abin da ke cikin ledar na laka ne. Ya karanta sunan majinyaci da sunan magani da adadinsa da ƙarfi, bai karanta hanyar da za a bi ba. Da aka miƙa wa ƙaramin likitan sirinji na biyu ya yi turus, ya tambaya ko da gaske binkiristin za a sa a laka. Aka ce masa e. Shi kuma ya ɗauka na sama da shi ya san abin da shi bai sani ba, ya tura maganin. Cikin 'yan mintoci suka gane abin da ya faru. Matashin ya rasu ranar 2 ga Fabrairun 2001. A 2003 likitan da ya sa idon ya amsa laifin kisa ba da gangan ba, kotu ta yanke masa wata takwas.

Abin lura ga mai kafa buri shi ne, babu wanda ke cikin ɗakin nan da ba ya son majinyacin ya tashi lafiya, kuma asibitin ba ya rasa ƙa'ida. Ƙa'idar tana dogara ne kacokan kan tunanin mutane da sanin da suka yi wa juna, sai ga ranar da aka haɗa baƙo da baƙo. Burin da ke cewa "kada a sake" ya riga ya hau takarda a Landan, amma bai ce wa mai haɗa magani ga abin da zai ƙi saki ba, bai kuma ce wa sabon likita ga aikin da hannunsa ba zai taɓa ba.

Yadda aka mayar da burin sharuɗɗan aiki

A Nuwamban 2001 Ma'aikatar Lafiya ta fitar da jagora na ƙasa kan allurar maganin kansa a laka, aka sabunta shi a 2003, aka sake a 2008. A nan ne burin ya sami ƙafafu. An ɗauki jimla ɗaya mai faɗi aka sassare ta zuwa abubuwan da mutum zai iya shiga asibiti ya duba da idonsa ya ce akwai ko babu.

Kowane asibitin da ke wannan aiki dole ya naɗa mutum ɗaya da alhakin tsarin ke wuyansa, wanda ke ba da bahasi ga shugaban asibitin. Dole a buɗe rajista mai ɗauke da sunayen waɗanda aka horar aka kuma gwada, kowa da aikin da aka yarje masa: rubuta maganin, haɗa shi, sakinsa, duba shi, ko yin allurar. Wanda sunansa ba ya ciki ba ya taɓa aikin, komai girman matsayinsa ko daɗewarsa a wani asibitin, kuma ana sake gwada kowa duk shekara. An cire ƙananan likitoci daga rubuta maganin, an kuma ƙuntata yin allurar ga manya sai bisa wani izini na musamman. Maganin laka ya sami katinsa na kansa, da firjinsa mai makulli, da mazubin da ake ɗaukarsa shi kaɗai, da ɗakin da aka keɓe masa, kuma ba a yin allurar sai a lokutan aiki na yau da kullum in ba da wani dalili na gaggawa ba.

Sharaɗin da ya fi kowanne hikima shi ne na jerin lokaci. Nottingham na fara laka ne sannan jijiya, wanda ke nufin a lokacin da allura ke cikin bayan majinyaci, akwai sirinjin binkiristin mai sunansa a wani wuri cikin ginin. Jagoran ya juya tsarin: a fara ba da maganin jijiya, kuma ɗakin haɗa magani ba zai saki na laka ba sai ya ga shaida a rubuce cewa na jijiyar ya riga ya shiga jiki. In binkiristin ɗin ya ƙare a jijiya, babu sauran abin da za a yi kuskure da shi.

An taɓa rubutun jikin sirinji ma. An hana rubuta "ba na laka ba ne" a kan binkiristin, domin ido mai gaggawa yakan tsallake kalmar hani ya kama kalmar laka, sai gargaɗin ya koma umarni. Abin da aka yarda a rubuta shi ne cewa na jijiya ne kaɗai, kuma yana kisa idan aka bi da shi ta wata hanya.

Ba dukan asibitoci ne suka cika sharuɗɗan a kan wa'adi ba, sai da aka yi ta bibiya. Amma ita kanta wannan bibiyar ta yiwu ne saboda akwai abin tambaya takamaimai. A 2009 kuma aka sa ba da maganin kansa ta hanyar da ba tasa ba cikin jerin farko na abubuwa takwas da NHS ta ce bai kamata su taɓa faruwa ba.

Ta yaya za a san an kai sifiri?

Wannan tambaya ta fi yadda ake zato wuya. Mutum 13 cikin shekara 15 bai kai ɗaya a shekara ba a faɗin ƙasa. Ke nan shekara guda na iya wucewa babu ko ɗaya alhali ba a gyara komai ba. Ga asibiti guda kuwa abin ya fi haka rauni: yana iya shekara ashirin da tsari mai ɓaraka bai ga kuskuren ba. Masana lissafi na da wata ƙa'ida mai sauƙi: idan an yi abu sau da dama ba a ga matsala ba, a raba uku da adadin da aka yi, abin da ya fito shi ne iyakar haɗarin da za a iya kawarwa da tabbacin kashi 95 cikin 100. Asibitin da ya yi allurar laka 300 lafiya ƙalau, abin da lissafin ya ba shi ikon faɗa kawai shi ne haɗarin bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Ga kuskuren da ke kashe kusan duk wanda ya faɗa wa, wannan ba abin kwantar da hankali ba ne.

Don haka burin sifiri ba ya tsayuwa shi kaɗai. Shi ne ke nuna alƙibla, amma abin da kwamitin magunguna na asibiti zai riƙa dubawa duk wata shi ne alƙaluman aiki. Cikin alluran laka da aka yi a watan, nawa ne duk masu hannu a ciki suke cikin rajista? Nawa ne aka saki maganin bayan an ga shaidar cewa na jijiya ya shiga? Nawa aka yi a wajen ɗakin da aka keɓe, ko da dare, kuma wa ya ba da izini? Mutum nawa ne a rajista gwajinsu na shekara ya wuce lokaci? Kowanne yana da adadin sama da na ƙasa, wato nawa cikin nawa, ana samunsa daga katunan da ake da su, kuma burin kowanne kashi 100 ne ko sifiri. Idan aka ga ɗaya ya kauce, a zauna a kansa a makon, a bincike shi kamar an yi ɓarnar, domin ɓarakar da ta bari aka yi allura da hannun wanda ba ya rajista ita ce dai wadda za ta bar binkiristin ya shigo ɗakin wata rana. A ganinmu asibitin da ke kai wa hukumarsa rahoton "babu mutuwa bana" kawai, ba tare da waɗannan alƙaluma ba, bai gaya mata komai ba.

Burin kashi 40

Na biyun ya yi tuntuɓe tun daga jimlarsa. Kashi 40 na nawa? A 2001 babu ƙidayar ƙasa ta manyan kurakuran magani da za a ɗauka a matsayin mafari. Hukumar kiyaye lafiyar majinyata ta ƙasa, NPSA, a wannan shekarar aka kafa ta, kuma tsarinta na tattara rahoton kuskure bai fara aiki ba sai wajen ƙarshen 2003 zuwa 2004, dab da wa'adin. Kalmar "manyan" ma kowane asibiti da yadda yake fassara ta: wani na nufin kuskuren da ya cutar, wani na haɗawa da wanda aka tare kafin ya isa ga majinyaci.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan zurfi. Rahoton kuskure ma'aikaci ne ke cike shi da son ransa, kuma kaɗan ne daga cikin abin da ke faruwa ake rubutawa. Sashen da ma'aikatansa suka amince ba za a farauce su ba ya fi kawo rahoto, don haka yawan rahoto sau da yawa alamar lafiyar tsari ce. Idan aka ce wa shugabar ma'aikatan jinya ana son adadin ya sauka da kashi 40, hanya mafi sauƙi a gare ta ita ce mutanenta su rage rubutawa. Hukuma ɗaya ba za ta iya roƙon ma'aikata su ƙara kawo rahoto, ta kuma auna nasararta da raguwar rahoton ba.

Ba a ce burin bai haifar da komai ba. A Janairun 2004 babban jami'in harhaɗa magunguna na Ingila ya fitar da cikakken rahoto kan inda kurakurai ke fitowa wajen rubutawa da haɗawa da bayarwa, kuma sanarwar gargaɗi kan magunguna masu haɗari sun biyo baya. Amma girman abin da aka so ragewa ya fito fili a 2018, lokacin da wani nazari da masu bincike na jami'o'in Sheffield da York da Manchester suka yi ya ƙiyasta kurakuran magani miliyan 237 a shekara a Ingila, kusan kashi 72 cikin 100 nasu marasa illa ko masu ƙaramar illa. Tulin da ya haɗa mantuwar ƙwayar bitamin da ninka insulin sau goma ba abu ɗaya ba ne da za a sa wa kaso ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki buri mai irin wannan siffa a 2017, na rage mummunar cutarwar magani da za a iya kauce wa da rabi cikin shekara biyar. Irin wannan yana da amfani wajen jawo hankalin ministoci, amma asibiti ba zai kwafe shi ya manna a bango ya ce ya kafa buri ba.

Da za a sake rubuta shi don asibiti guda, sai a tsaga shi gida-gida, a zaɓi magani biyu ko uku da suka fi yin illa a wurin, kowanne da alamar da ba ta dogara da rahoton kowa ba. Ga masu shan wafarin, maganin hana daskarewar jini, a ƙirga kason waɗanda gwajin daskarewar jininsu ya haura biyar. Ga masu karɓar insulin, a ƙirga sau nawa sukari ya faɗi ƙasa da iyakar da aka amince. Ga masu karɓar mofin da danginsa, sau nawa aka nemi naloksan don farfaɗo da numfashi. Waɗannan na fitowa daga ɗakin gwaji da kundin ɗakin magani. Wata hanyar da IHI, cibiyar inganta kiwon lafiya ta Amurka, ta yaɗa ita ce a zaɓi fayil 20 a wata ba tare da son rai ba, a ba kowanne minti 20, ana neman irin waɗannan alamu. A tattara na wata shida zuwa shekara kafin a furta wani kaso, sannan a rubuta wa'adi da sunan mai alhaki.

Daga sirinji zuwa leda

Sharuɗɗan 2001 duk da ƙarfinsu sun bar abu ɗaya: binkiristin yana nan a sirinji. Dabarar farko ita ce a sirka shi a zuba a babban sirinji, da fatan girman zai sa likita ya tsaya. An sami mutuwa a wasu ƙasashe duk da sirinji mai mililita 10 da mai 20. Bayan mutuwar wata matashiya a Hong Kong a Yulin 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi inda ta ce an ba da rahoton kuskuren sau 55 tun 1968, ta kuma nemi a riƙa haɗa maganin a ƙaramar ledar ƙarin ruwa. A 2008 NPSA ta wajabta haka a sassan manya da matasa na Ingila: a sirka binkiristin da danginsa a leda mai mililita 50, a ba da shi cikin minti 5 zuwa 10. Dalilin a fili yake. Likitan da ke riƙe da allura a bayan mutum ba zai rataya leda ya jona mata ba, siffar abin kanta ta saɓa wa aikin da yake yi.

Ma'aikatan jinya sun nuna damuwa ta gaskiya. Binkiristin na ƙona nama idan ya tsiyaye daga jijiya, kuma da sirinji a hannu suna jin yadda maganin ke shiga, suna iya ja su ga jini. Tsoronsu kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Wannan shi ne irin abin da ya kamata buri ya tanadar wa wani ma'auni dabam, wato na illar da gyaran kansa ka iya jawowa: sau nawa maganin ya tsiyaye kafin sauyin, sau nawa bayansa. Binciken da aka yi a asibitocin Ostireliya ya nuna tsiyayar ba ta da yawa a hanyoyin biyu, kuma babu wani bambancin a zo a gani. Sharaɗin dai shi ne a yi aikin daidai: a tabbatar jini na dawowa kafin a fara, a bar ruwan ya sauka da nauyinsa ba da injin turawa ba idan jijiyar hannu ce, ma'aikaciyar jinya ta tsaya a wurin tana kallon bakin allurar har ledar ta ƙare, sannan a wanke layin.

A Amurka ISMP, cibiyar kiyaye kurakuran magani, ta sa haɗa binkiristin a leda a matsayin na ɗaya cikin jerin ayyukan da ta nemi asibitoci su cim ma daga 2014, da leda mai mililita 25 ga yara da 50 ga manya. A Janairun 2021 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta nemi a cire bayanin haɗawa a sirinji daga takardar maganin gaba ɗaya. Burin leda ya fi kowanne sauƙin aunawa, domin mutum ɗaya a ɗakin haɗa magani na iya ƙirga kowane adadi da ya fita, kuma amsar ko dai duka ne ko ba duka ba.

Mahaɗin da ya ɗauki shekara fiye da ashirin

Tun 2001 Toft ya ba da shawarar a ƙera mahaɗin allurar laka wanda sirinjin jijiya ba zai shiga ba. Buƙatar ba ta tsaya kan maganin kansa kaɗai ba. Kuskuren na bin ɗaya hanyar ma: tsakanin 2000 da 2004 mutum uku sun mutu a Birtaniya bayan an jona musu bupibaken, maganin kashe zafi na gadon baya, a jijiya, ciki har da wata mai jego a Swindon a 2004. Burin 2001, da jagoran da ya biyo shi, ba su rufe wannan ƙofa ba, domin an zana iyakarsu ne daidai da masifar da aka gani.

A 2009 NPSA ta sa wa asibitoci wa'adin komawa kayan da ba na Luer ba, aka ɗage wa'adin, saboda kamfanoni sun fito da mahaɗai iri-iri da ba sa shiga juna, wasu kayan kuma babu su a kasuwa. Sai a 2016 aka sami mizani na duniya, ISO 80369-6, wanda kayansa ke ɗauke da sunan NRFit, kuma a Janairun 2024 NHS ta Ingila ta ba da wa'adin 31 ga Janairun 2025 a kammala sauyin ga allurar laka da ta gadon baya da ta kashe jijiyoyin wani sashe na jiki. Burin da cikarsa ke hannun masana'anta da masu tsara mizani ba ya bin kalandar asibiti. Wanda ya dace asibiti ya ɗauka wa kansa shi ne abin da ke ƙarƙashin ikonsa: lissafa kowane wuri da ake taɓa laka, daga ɗakin tiyata da na haihuwa zuwa na gaggawa da na hoto, gwada kayan da hannun masu amfani da su, sauya sashe gaba ɗaya a rana ɗaya, da kwashe tsofaffin kayan daga kowace durowa a ranar. Lokacin da kaya iri biyu ke zaune tare shi ne mafi haɗari, domin likita na iya soka allura sannan ya tarar sirinjin hannunsa ba ya shiga, kuma a irin wannan matsi ne ake neman abin jona wannan da wancan, wanda ke rushe amfanin sauyin baki ɗaya.

Sabon mahaɗin kuma yana hana jona sirinjin da ba daidai ba ne kawai. Bai san abin da ke cikin sirinjin ba. Idan aka zuƙi binkiristin daga kwalba zuwa sirinjin NRFit, zai shiga allurar laka ba tare da wata tangarɗa ba. Saboda haka raba lokaci da wurin haɗa magungunan biyu a ɗakin haɗa magani, da ajiye sirinjin NRFit nesa da teburin da ake haɗa na jijiya, da rajistar sunaye, da sharaɗin a fara jijiya kafin laka, duk suna nan cikin abin da ake dubawa duk wata bayan an gama sauya kayan.